Wanda Ya Ƙirga Kai, Ya Ɗauki Nauyin Ciki

Da zarar an fara raɗe-raɗin ƙidaya a ƙasar nan, magana ɗaya ce ke yawo tun daga majalisar ƙofar gida har ofishin ciyaman: kada a bar mu a baya. Kowa ya san abin da ake nufi. A tara kawuna, a kira 'yan ci-rani su dawo gida, a lalubo duk wani ƙauye ko sabuwar unguwa da ke bakin iyaka a ce tamu ce tun kaka da kakanni. Ciyaman ɗin da ya janyo unguwanni uku cikin taswirarsa shi ne gwarzo. Mutane da yawa, har da masu ilimin da nake ganin girmansu, suna kiran wannan kishin gida. Ni ban yarda ba. Wannan tunani ya cuce mu, kuma waɗanda ya fi cuta su ne mutanen da ake rububin kawunansu.

Na san wata unguwar awon igiya a gefen birnin Kano, wadda a da gonakin gero da dawa ne. Tana daidai inda ƙananan hukumomi biyu suka yi iyaka. Lokacin da ake shata yankunan ƙirge gabanin ƙidayar da aka shirya yi a 2023, kowane ɓangare ya kafe cewa unguwar tasa ce. Da damina ta sauka, ruwa ya shiga ɗakuna saboda babu magudana, sai kowanne ya ce ai ba a ƙasarsa take ba. Mutanen nan da karo-karo suka sayi turakun wuta, a hannun 'yan garuwa suke shan ruwa, mai naƙuda kuma sai an tsallaka titi da ita a adaidaita. Hukumomi biyu na son sunansu, babu mai son ɗawainiyarsu.

A zamanin En'e, talaka gudun ƙirge yake yi, domin bayan ƙirge akwai haraji da jangali. Dagaci ya san kowane magidanci, saboda zai karɓa a hannunsa. Abubakar Rimi da Balarabe Musa sun soke waɗannan haraji bayan hawansu mulki a 1979, kuma sun kyauta. Sai dai yau lamarin ya juye: kuɗi daga Abuja suke gangarowa, don haka shugaba ba ya buƙatar sanin talaka, adadinsa kawai yake buƙata.

To, shi kansa adadin nawa yake kawowa? Ƙananan hukumomi 774 suna raba kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya. A wajen rabon, kashi 40 daidai-wa-daida ake yi, yawan jama'a kashi 30 ne kawai, sauran ya tafi ga faɗin ƙasa da yanayinta, da ci gaban jama'a, da ƙoƙarin tara kuɗin shiga. Kuma tukunyar ɗaya ce. Idan ka ƙara sifiri, maƙwabcinka ya ƙara, na kudu ya ƙara, tuwon bai ƙaru da ko loma ɗaya ba. Abin da aka yi asararsa shi ne gaskiyar lissafi, wadda da ita ake sanin aji nawa za a gina da allurar rigakafi nawa za a saya. Mun ga ƙarshen wannan hanya ba sau ɗaya ba. An soke ƙidayar 1962, ta 1963 ta kai mu kotu, ta 1973 kuma Murtala ya yi watsi da ita a 1975. Ta 2006 ta ba Kano sama da miliyan 9.4, Legas sama da miliyan 9.1, Legas ta ce ba ta yarda ba, ta fito da nata lissafin. Rabonmu da ƙidaya ke nan, ta 2023 ma saura kwanaki kaɗan aka ɗage ta.

Akwai ƙasashen da wannan batu na haɗe yanki yake da doka tsayayya. A Amurka akwai filayen da ba sa ƙarƙashin kowane birni, kuma birane kan yi hanzarin haɗe su kafin ƙidaya, domin iyakar da ke aiki ranar 1 ga Janairun shekarar ƙidayar ita hukumar ƙidayarsu ke amfani da ita. Kwaɗayin iri ɗaya ne da namu, kuma can ma an yi zalunci: birnin Houston ya haɗiye Kingwood a 1996 mazauna na kuka, sai a 2019 jihar Texas ta rufe ƙofar haɗe yanki ba da yardar mutanensa ba. Amma ko a lokacin da aka haɗiye Kingwood, doka ta wajabta wa birni ya rubuta yadda zai kai wa yankin 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da sauran hidima. Ka ɗauki mutane, ka ɗauki nauyinsu a rubuce. Mu a takarda babu taƙi ɗaya da ba shi da ƙaramar hukuma. A zahiri kuwa, ka zaga bayan Ungogo da Kumbotso, ko gefen Kaduna da Sakkwato, ka ga dubban gidaje da gwamnati ba ta taɓa taka ƙofarsu ba sai ranar kamfe.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne kiran da ake yi wa mutane su koma garinsu a ƙirga su. Mutum yana zaune a Kano shekara talatin, 'ya'yansa a nan suke makaranta, matarsa a nan take zuwa awo, amma ya kwashe su zuwa ƙauyen da yake leƙawa da Sallah kawai. Ya ƙara wa ƙauyen lamba, ya rage wa unguwar da 'ya'yansa ke zama a ƙasa cikin aji. Da hannunsa ya shaida wa gwamnati cewa ba ya nan.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba na raina ta. Za a ce kujerun Majalisar Wakilai 360 da yawan jama'a ake raba su, idan wasu suka yi aringizo mu muka tsaya tsoron Allah, mu za a danne. Amma mu tambayi kanmu wa ake tsallakewa a Arewa ranar ƙirge. Bafulatanin da ke ruga, da iyalan da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukan Zamfara da Katsina suna raɓe a kangwaye, da almajirai, da mazauna lungunan da ba su da suna. Mutanenmu na gaske ba mu gama ƙirgawa ba, me zai kai mu ƙirƙiro na ƙarya? Ƙarfin da ake ɓatawa wajen jayayya a kan unguwa ɗaya ta bakin iyaka, da an sa shi wajen nemo waɗannan, da an samu adadin da babu kotun da za ta rushe.

Shirin ƙidaya na gaskiya aiki ne marar armashi, shi ya sa ba a son sa. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma sanya wa tituna suna, da lambar gidaje, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Ciyaman nawa ne zai iya nuna wannan rajista a cike? A da ana fakewa da cewa gwamnoni sun riƙe kuɗi, kuma da gaskiya a ciki. Amma tun ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma fentin rubuta lamba a ƙofa bai taɓa fin ƙarfin kowace sakatariya ba.

Don haka idan aka sake aiko wa mai unguwa cewa ya tara jama'a su shaida a ƙasar wa suke, dattawan unguwa su nemi takarda mai sa hannu kafin su buɗe baki: yaushe za a haƙa magudana, a ina za a sa makarantar firamare, wa zai kwashe bola. A unguwar da na ambata, har yau idan baƙo zai zo, kwatancen da ake yi masa shi ne ya wuce injin markaɗe ya tambayi gidan mai shayi.