Haɗa Kwamfuta Mai Ƙarfi Ba Sai Aljihu Ya Yi Kuka Ba



Wani abokina mai aikin tace bidiyo ya shafe watanni yana tara kuɗi don ya haɗa kwamfuta da hannunsa. Da kuɗin suka taru, ya zuba mafi yawansu a katin hoto, ya sayi akwati mai walwalin fitilu, ɗan canjin da ya rage ya sayi na'urar raba wuta marar suna. Ba a yi wata uku ba aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi. Na'urar ta ƙone, ta tafi da madabod. Araha ba ta ado.

Ra'ayina shi ne, kafin ka tambayi farashin komai, tambayi kanka aikin da za ta yi maka. Kayan nan duk da dala ake shigo da su. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta haura 1,500 a 2024. Kuskure ɗaya yanzu sai ya cinye ribar watanni.

Mu fara da katin hoto, don nan kuɗi ya fi tafiya. RTX 4090 na kamfanin Nvidia ya fito a 2022 a kan dala 1,599, kuma shi kaɗai yana jan wat 450. Ƙaninsa RTX 4070 ya fito a kan dala 599, yana jan wat 200. Idan allonka bai kai 4K ba, kuma aikinka bai wuce tace bidiyo da wasanni ba, ƙanin ya ishe ka. Ka tuna wutar da katin ya ja zafi take komawa. Ka auna wannan da zafin Kano ko Sakkwato a watan Afrilu, sannan ka auna da batirin inbatarka. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Wajen firosesa, ka duba tsawon ran mazauninta. AMD ta fito da mazaunin AM4 a 2016, kuma har 2022 tana sakin sababbin firosesa masu zama a kansa, irin su Ryzen 7 5800X3D. Wanda ya sayi madabod ɗin tun farko, sau da yawa firosesa kawai ya canza. Magajinsa AM5 ya fito a 2022, amma sai da RAM nau'in DDR5 yake aiki, don haka ka sa wannan a lissafi. Madabod matsakaici ya wadatar. Mai tsadar ba ya ƙara wa firosesa saurin da za ka gani da ido.

RAM kuwa, gigabait 32 ya ishi yawancin manyan ayyuka. Ka sayi sanda biyu masu 16, sun fi ɗaya mai 32 sauri, domin hanya biyu suke bi. A ma'ajiya, SSD nau'in NVMe zuri'a ta huɗu tana kai wajen megabait 7,000 a daƙiƙa. Ta biyar ta kusa ninka haka, sai dai ta fi tsada da zafi, kuma a aikin yau da kullum da wuya ka ji bambanci.

Inda ban yarda a yi rowa ba shi ne na'urar raba wuta, fankoki, da UPS. Ka nemi sanannen kamfani mai tambarin 80 Plus Gold, ka bar rarar ƙarfi sama da bukatarka. Akwati kuma mai shan iska da ragar tace ƙura, saboda hunturu.

Wani zai ce, ai gara in sayi mafi girma yau don kada ya tsufa gobe. Na fahimta, amma kusan duk shekara biyu sabon kati ke fitowa. Rarar da ka ajiye yau ita za ta saya maka na gobe.

In kuma na hannu za ka saya, kada ka biya sai an kunna an gwada a gabanka. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Wane sashe kuka taɓa saya kuka yi da-na-sani? Ina sauraronku. Allah ya sa mu dace.