Takardar da aka rubuta ta intanet, a ina take kwana?



Duk wanda ya taɓa neman faktir mai kyau, ko wasiƙa zuwa banki, ko takardar yarjejeniyar hayar shago, ya san hanyar. A tafi sibar, a zauna kusa da yaron da ke buga kwamfuta, ya buɗe Word, ya buga, a biya, a tafi. Haka aka saba daga babbar kasuwar Maraɗi har kasuwar Dole ta Damagaram. To yanzu abin ya sake salo. Manhajar rubutu, wadda masu Faransanci ke ce wa lojisiyel, ba dole sai an girka ta cikin kwamfuta ba. Ana buɗe ta kai tsaye cikin burauza, wato abin nan da ake shiga intanet da shi, kamar Chrome ko Firefox. Yara da yawa ma sun fara ba iyayensu shawara su kwashe lissafin shago su mai da can.

Ra'ayina shi ne abin yana da amfani, kuma bai kamata mu guje shi ba. Amma kafin ɗan kasuwa ya zuba asirin cinikinsa a ciki, sai ya yi tambaya guda: in na rufe kwamfutar, a ina takardata take kwana, kuma makullin yana hannun wa?

Abin ba yau ya soma ba. A 2005 wani ƙaramin kamfani a Amurka ya fito da Writely, wurin rubutu cikin burauza. Google ya saye shi a 2006, daga nan Google Docs ya samo asali. Microsoft ya bi sahu a 2010 da Word na intanet. LibreOffice, wanda ake samu kyauta, shi ma ya samu irin nasa mai suna Collabora Online a 2016. A 2017 kuma manyan burauza suka karɓi wata dabara mai suna WebAssembly, wadda ke ba da damar a ɗauko manhajar da aka ƙera don kwamfuta, a sa ta yi aiki cikin burauza yadda take.

A ido duk iri ɗaya ne, farar takarda da wurin rubutu. A ƙarƙashi kuwa hanya biyu ce. Ta farko, takardar tana ajiye cikin wata babbar kwamfuta ta kamfani, sau da yawa a wata ƙasa mai nisa, kuma duk abin da ka buga ana aika shi can. Kamar ka ajiye buhunan wakenka cikin sito na wani ne: kayan naka ne, ginin da ƙofar nasa. Haka Google Docs da Word na intanet suke. Ta biyu, burauza ce ke sauko da manhajar, aikin ya gudana cikin kwamfutarka, takardar kuma ta iya zama wurinka. Wannan kamar aron sikeli ne, ka auna kayanka cikin shagonka. Sai dai saukowar farko tana cin kiredi, kuma tsohuwar kwamfuta takan yi nauyi da ita. Akasarin abin da yaranmu ke amfani da shi hanya ta farko ce, saboda haka a kanta zan tsaya.

Alherinta a fili yake. Kaye yana jiƙewa, gara tana cin shi, wuta tana lashe shi. Mutanen Yamai ba su manta da gobarar babbar kasuwa ta 2009 ba, kuma in shago ya ƙone, littafin bashi yakan tafi tare da kaya, masu bashi kuma ba duka ke da tsoron Allah ba. Takardar da ke ajiye a intanet gobarar kasuwa ba ta kai mata. Kwamfuta ta lalace, ko ɓarawo ya ɗauke ta, sai a buɗe a wata, a tarar da komai. Alhaji yana Kwatano wajen fiton kaya, yaronsa yana shago a Tawa, su biyun suna duba lissafi guda a lokaci guda. An kuma huta da yawo da kile USB daga sibar zuwa sibar, abin da ke yaɗa cutar kwamfuta. Google yana ba kowane asusu wurin ajiya na giga 15 kyauta, wanda ya ishi takardun shago na shekaru.

Amma kayan aro ba ya rufe katara. Matsala ta farko ita ce hanya. Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 2021, an katse intanet na salula a Nijar kusan kwana 10. A Agustan 2023 Najeriya ta yanke kuran da take ba mu. A Maris na 2024 wayoyin intanet da ke ƙarƙashin teku sun tsinke, ƙasashen yammacin Afirka da dama suka shiga wahalar rezo. A irin waɗannan ranaku kasuwa ba ta daina ci ba. Mai bashi zai zo ya ce nawa ake bin shi, uwar adashi kuma dole ta san wadda za ta kwasa ranar. In amsar tana can bayan teku, ƙofa a rufe, an shiga uku. Google Docs yana da tsarin aiki ba tare da rezo ba, amma sai an kunna shi tun da wuri, kuma a kwamfutarka ta kanka. Ba a yin shi ranar da rezo ya ɗauke.

Matsala ta biyu ta fi ta farko, ita ce makulli. Da yawa cikinmu, musamman iyayenmu mata, ba su suka buɗe asusun da kansu ba. Yaron shago ne ko mai sibar ya buɗe, da lambar salularsa, kalmar sirri kuma tana kansa. Ranar da aka ɓata, ko ya tafi cin rani, ya tafi da littafin. Ko bai tafi ba, yana ganin farashin sari, da sunan duk wanda ake bi, da ribar da Hajiya ba ta faɗa wa kowa. A sibar kuma, in aka tashi ba a fita daga asusu ba, wanda ya zauna bayanka ya gaji takardunka. Hajiya, za ki ba yaron makwabta makullin akwatinki ya riƙe? To wannan ma haka ne.

Ta uku, mai sito yana da dokokinsa. A 2023 Google ya sanar cewa asusun da ya yi shekara biyu ba a taɓa shi ba, ana iya share shi da abin da ke ciki. Takardar fili ko ta gado da aka ajiye aka manta tana iya bin ruwa ke nan. Haka kuma Chrome ya daina sabunta kansa a kan Windows 7 tun farkon 2023, ga shi kuwa tsoffin kwamfutoci na hannu sun cika shagunanmu. Burauzar da ba a sabuntawa, sabbin wuraren rubutu sukan ƙi ta, ɓarayin intanet kuma sukan same ta da sauƙi.

Wani zai ce to a bar abin mana, a tsaya kan kaye. Ban yarda ba. Wanda ke sari daga Dubai ko Sin yana buƙatar takarda tsaf da zai aika cikin minti guda, kuma wanda ya ƙi koyo zai dawwama yana biyan wani ya karanta masa asirinsa. Abin da ya dace shi ne a shiga da ido buɗe.

Asusu ya zama da sunanka da lambar salularka, kalmar sirri kuma a rubuta ta a ajiye inda ake ajiye takardar gida. In yaro zai taimaka, a ba shi izinin shiga takarda guda daga nasa asusun, domin tsarin ya tanadi haka, kuma ana iya janye izinin ranar da aka so. Kowace Juma'a a sauko da kwafin lissafi cikin salula ko kile. Ƙarshen wata a buga littafin bashi da na adashi a kan takarda, a kai gida, kada a bar shi a shago. Yarjejeniya da takardar fili kuwa, asalinsu mai sa hannu shi ne hujja, na intanet madadi ne kawai. In an yi aiki a sibar, a fita daga asusu kafin a tashi daga kujera.

Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na mata masu adashi su ma suna da aiki a nan. Zama guda na awa biyu, da mai koyarwa da Hausa, ya isa mutum ya iya buɗe asusunsa da sauko da kwafinsa. Ajiya maganin wata rana, in mai ajiyar ya san inda ya ajiye.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare mu da asara.