Layar cikin gem ba ta kai cacar cikinsa haɗari ba

Iyaye da yawa a Anka, Gummi da Bukkuyum sun daɗe da yanke wa gem ɗin waya hukunci: ɓata lokaci ne da cin caji. Amma akwai wani nau'i da ke tayar musu da hankali fiye da haka, wanda yaro ke tafiyar da wani jarumi cikin daji da kogo yana tsintar naɗaɗɗun takardu masu rubutu, in ya warware ɗaya sai wuta ta fito ta cinye dodo. Uba ya leƙa ya gani, ya ce subhanallahi, tsafi ake koya wa yaro. Ban ga laifinsa ba. A jihar da ta fara ƙaddamar da shari'a a 1999, kuma a ƙasar da kowa ya san laya da hatimi, takarda mai rubutu da ke aiki da kanta ba abin wasa ba ce a idon babba.

Sai dai ina ganin tsoron ya sauka inda bai kamata ba, domin takardun nan iri biyu ne, kuma wadda ta fi kama da tsafi ita ce mai sauƙin illa.

Ta farko tsohuwa ce. Ta samo asali daga Dungeons & Dragons, wasan tebur da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Ƙa'idarta ɗaya: a yi amfani da ita sau ɗaya, rubutun ya ɓace. A Diablo II na 2000 akwai wadda ke buɗe maka ƙofar komawa gari in faɗa ya yi zafi, da wadda ke gaya maka darajar kayan da ka tsinta. A Skyrim na 2011, jarumin da bai koyi siddabaru ba ma zai iya jefa wuta sau ɗaya da ita. Babu wata kalma da mai wasa ke karantawa ko haddacewa. Maɓalli yake dannawa, kamar yadda yake dannawa ya buga ƙwallo.

Abin da take tilasta masa shi ne lissafi. A Baldur's Gate 3 na 2023, in jaruminka mai nazarin siddabaru ne, kana da zaɓi: ka kashe takardar yanzu ka tsira daga wannan faɗan, ko ka biya zinaren cikin wasan ka kwafe ta a littafinka, ta zama taka har ƙarshe. Duk manomin da ya taɓa tsayawa gaban rumbu a watan bazara yana tunanin ko a ci wannan damin ko a bar shi iri ya san wannan tambayar. Har akwai masu wasan da rowa ke hana su taɓa ko ɗaya, su gama wasan jaka cike. Hukuncin kallon irin waɗannan hotuna na malamai ne, ban shiga hurumin su ba. Abin da na sani shi ne ba wanda ke rataya waya a wuya ya shiga daji da imanin harsashi ba zai kama shi ba. Layar da ake yin haka da ita ba a Play Store ake sayar da ita ba.

Waɗancan manyan wasannin galibi sai da kwamfuta ko PlayStation. Abin da ke isowa wayar matashi a yankinmu shi ne na kyauta, kuma a nan ta biyun take. Ɗauki Summoners War, na kamfanin Com2uS da ke Koriya ta Kudu, wanda ya fito a 2014. A cikinsa takarda ba ta jefa wuta. Kana buɗe ta ne ta ba ka dodon da zai yi maka faɗa, amma ba ka san wanne ba sai ta buɗe. Damar samun mai tauraro biyar a takardar da aka fi amfani da ita kashi 0.5 ce cikin 100, wato ɗaya cikin 200. Kar ka ɗauka in ka buɗe 200 dole ka samu. A lissafi, sama da mutum ɗaya cikin uku zai buɗe 200 ɗin ya tashi hannu rabbana. Wasan na ba ka 'yan kaɗan kyauta don ka ɗanɗana, sauran kuma ga farashi nan da kuɗin gaske.

Ka biya, ba ka san me za ka samu ba, ka sake biya da fatan wannan karon za a dace. In wannan ba caca ba ce, me sunanta? Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce caca ce tun 2018. Chaina ta tilasta wa kamfanoni bayyana alkaluman dama a 2017, Apple ya sa irin wannan sharaɗi a ƙarshen shekarar, Google ya biyo baya a 2019.

Abin ya fi shafar wannan yanki saboda yadda kuɗi ke zuwa. Matashin da ke aikin haƙar zinare a wajen Bagega ko ƙauyukan Bukkuyum zai yi makonni ba ko sisi, rana ɗaya kuɗi su faɗo masa a dunƙule. Rayuwarsa ta riga ta koya masa cewa sara na gaba ne mai sa'a. Wasan da aka gina a kan wannan tunanin bai sha wahalar kama shi ba, kuma ba shago ba ne balle Hisba ta rufe, kamar yadda ta Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo a 2024.

Akwai abin da gwamnati za ta iya. A Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005, ta ce ikon kula da caca na jihohi ne. Ke nan majalisar dokoki da ke Gusau na da hurumin duba ko sayar wa yara irin waɗannan takardu ya shiga ma'anar caca a dokar jiha. Tilasta wa kamfanin da ke Seoul ba abu ne mai sauƙi ba, amma ko sanya wa abin sunansa zai ba limamai da malaman makaranta abin faɗa.

Kafin nan, uban da ya karɓi wayar ɗansa ya bar dodon da wutar, ya ce yaron ya nuna masa shagon cikin wasan. In takardun tsintar su ake yi, kuma an rubuta aikin kowace, lissafi yaron ke yi. In kuwa akwai farashi da naira ko dala, ga wani ɗan maɓalli a gefe mai nuna kaso cikin 100, to ya tambaye shi nawa ya tura zuwa yanzu, kuma da katin wa.