Takobi Ba Ya Ba Da Labarin Kansa

Daga nan Romi, in mutum ya ƙetare Kogin Kaduna ya nufi Hanyar Ali Akilu, zai iske gidan ajiye kayan tarihi da aka buɗe a 1975. Kano ma tana da nata, watau Gidan Makama, inda aka jera takubba da sauran kayan yaƙin mutanen dā. Wannan aiki abin yabo ne. Amma mu dai a ganinmu, da sauran aiki.

Ku dubi Gajere, takobin sarautar Katsina. Darajarsa ba ta ƙarfe ba ce, labarinsa ne: an ce da shi Korau ya kashe Sanau. Haka kuma takobin Bayajidda da ke fadar Daura. To, ina labarin sauran? Sau da yawa ruwan takobi daga Solingen ta Jamus ya fito, fatake suka ratso Sahara da shi, maƙera suka yi masa ƙota, dukawa suka ɗinka kube. Waɗansu kuwa an kwashe su zuwa Ingila bayan yaƙe-yaƙen 1903. In ba a rubuta wannan ba, mai kallo tsatsa kaɗai zai gani.

Saboda haka, 'yan'uwa, in mun tafi hutu, mu zauna gaban tsofaffi, mu tambayi wa ya ƙera, wa ya rataya, a wane yaƙi. Mu rubuta tun suna da rai. Kada kuma mu bari a sayar wa dillalai da gadon gida. Allah ya sa mu dace, amin.