FILIN KYAMARA: Ba kowane dishi-dishi ba ne gwaninta

Tambayar wannan wata ta fito ne daga Gidan Katta, cikin Ƙaramar Hukumar Illela ta Jihar Sakkwato, can bakin iyakar mu da Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar. Wani matashi ne mai sha'awar ɗaukar hoto ya ke so ya san yadda ake yi fuskar jarumi ta fito tangaran a fosta, bayan sa kuma ya yi dishi-dishi. Ya ce shi ma haka ya ke so hotunan sa na biki da na Sallah su riƙa fitowa.

To malam, abin ba tsafi ba ne. Kyamara ba ta iya kama komai garau a lokaci guda. Inda ka saita fokas nan ne hoto ya fi fitowa, sai ɗan fili a gaban wurin da bayan sa wanda shi ma ido zai karɓa. Wannan fili shi mu ke kira zurfin fokas, kuma abubuwa uku ke juya shi.

Na farko, ƙofar haske da ke cikin gilashin kyamara. Ita ce ka ke gani an rubuta f/1.8, f/8 ko f/16. Ka lura, lissafin a juye ya ke: ƙaramar lamba babbar ƙofa ce, kuma ita ke ƙuntata zurfin fokas. Na biyu, tazara. Iya matsowar ka kusa da mutum, iya narkewar bayan sa, musamman in ya yi nesa da bango. Na uku, tsawon gilashin. Mai 85mm ya fi mai 24mm narkar da baya in ka na tsaye a wuri guda.

Ga misali. Ka ɗaura gilashi mai 50mm, ka buɗe shi a f/1.8, mutumin ka na tsaye mita 2 daga inda ka ke. Abin da zai fito garau bai kai santimita 20 ba. In mutum ɗaya ne, madalla, ka saita a kan ido, shi ke nan. Amma in dangin amarya ne su ka yi sahu uku, to ka yi ɓarna! Ƙawayen da ke gaba za su fito raɗau, kakar amarya da ke baya ta koma kamar inuwa. Biki kuwa ba lokeshin ba ne, babu daraktan da zai ce a sake. A irin wannan hoto ka rufe ƙofar zuwa f/8, ka ja da baya, ka saita fokas a kan sahun tsakiya.

Ya kamata matasan mu su san cewa shi wannan dishi-dishi da ake rububi yayi ne kawai. Duk wanda ya kalli finafinan mu na kaset, tun daga Turmin Danya na 1990 har zuwa Sangaya na 1999, ya san jarumi da labule da bangon falo duk tare su ke fitowa, domin kyamarorin bidiyo na lokacin ƙaramar sensa gare su. Sai a 2008 da Canon 5D Mark II ta fito, masu ƙaramin jari a duniya su ka samu damar narkar da baya a bidiyo kamar na manyan finafinai. Daga nan fa abin ya zama ruwan dare, har wasu su ka ɗauka shi ne ma'aunin gwaninta.

Alhali a Amurka, fim ɗin Citizen Kane na 1941 ya yi suna ne da akasin haka. Darakta Orson Welles da mai ɗaukar hoton sa Gregg Toland sun sa gaba da baya duk sun fito garau. Akwai fitowar da manya ke cikin ɗaki su na yanke shawara kan makomar yaro, shi kuma ana hango shi ta taga ya na wasa a waje. Da an narkar da yaron nan, da labarin ya mutu.

Haka abin ya ke a kasuwar Illela ranar Lahadi. In ka ɗauki dillali shi kaɗai ka shafe bayan sa, wa zai san a kara aka ɗauka? Shanun da raƙuman da cinkoson jama'a su ne labarin. Ballantana wanda zai tura wa mai saye a Legas hoton rago ta WhatsApp. Tsarin Portrait da ya shahara a waya tun daga iPhone 7 Plus ta 2016, lissafin kwamfuta ne ke yin dishi-dishin sa, ba gilashi ba. Sau da yawa ya kan cinye bakin ƙaho ko gefen mayafi. Mai saye kuwa ƙahon ya ke son gani. Kashe shi, ka dangwala yatsa a kan ragon, ka ɗauka.

Abu biyu kuma game da yanayin mu. Ranar tsaka ta ƙasar Sakkwato ba ta wasa: in ka buɗe f/1.8 da azahar, hoton zai ƙone ya yi fari fat a kan kyamarori da yawa. Ka bari sai bayan la'asar, ko ka shiga inuwar dogon yaro. Sannan lokacin hunturu, kafin ka zargi fokas, ka goge ƙurar gilashin ka da tsumma mai laushi.

Aikin gida: ka tsayar da abokin ka a wuri guda, ka ɗauke shi a f/1.8, da f/5.6, da f/11. Mai waya ya ɗauka daga kusa, sannan daga nesa. Ka jera hotunan ka tambayi kan ka: wanne ne ya faɗi abin da na ke so a gani?

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, inda za mu tattauna kan ɗaukar hoton dawaki su na sukuwa. Ku huta lafiya.