Masu cewa a yi mana Las Vegas a Damergou, ku zo mu yi lissafi



Akwai wata magana da ta kama bakin samari a fadodinmu tun da bidiyoyin Las Vegas suka soma yawo a WhatsApp da TikTok. Da an zuba shayi na biyu sai ka ji wani ya ce: "Ai wurin nan hamada ce irin tamu, caca ce ta tada ta. Mu ne aka danne da wa'azi." Har da waɗanda suka yi lakkol cikin masu faɗar haka, su ce ai yawon buɗe ido ne. To, tun da maganar ta fito fili, bari mu baje ta a faifai.

Sun yi gaskiya a wuri guda: Las Vegas hamada ce. Ruwan saman da take samu a shekara bai wuce milimita 100 da ɗan abin da ba a rasa ba, bai ma kai na Tanout ba. An kafa garin a 1905, tashar jirgin ƙasa ce kawai. A 1931 jihar Nevada ta halatta caca, kuma a wannan shekarar aka soma ginin madatsar ruwa ta Hoover a kan kogin Colorado, aka gama a 1936. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan da garin ke sha daga tafkin wannan madatsa yake fitowa. Wannan ne abin da mai bidiyo bai nuna muku ba. Mu da har yau akwai garuruwan da sai an ɗaura ma raƙumi ko jaki igiyar guga kafin ruwa ya fito daga rijiya, in za mu yi kwaɗayin wani abu na Las Vegas, ai ruwan ne ya kamata.

Sai mu duba su wa suka gina ta. Otal ɗin Flamingo, wanda aka buɗe a ƙarshen 1946, wani ƙasurgumin ɗan daba ne mai suna Bugsy Siegel ya ƙarasa shi da kuɗin ƙungiyoyin masu laifi. Bai shekara da buɗewa ba aka harbe shi har lahira. A 1952 aka buɗe wani mai suna Sahara, da gumakan raƙuma a bakin ƙofa. Ku ji fa, sunan hamadarmu, da raƙumanmu na ƙarya. A 1966 Caesars Palace ya zo da kwaikwayon fadar sarakunan Rum. Daga nan kowane gidan caca sai ya ari rigar wata ƙasa.

Wanda ya fi rikita samarinmu shi ne Luxor, na 1993. An gina shi da siffar dalar Fir'aunonin Masar, baƙin gilashi tun daga ƙasa har sama, hawa 30, kuma ya ci dalar Amurka miliyan 375. A gabanshi an kafa gunkin nan mai kan mutum da jikin zaki, har ya fi na asali tsawo. A ƙolinshi akwai wata fitila da ke harba haske sama duk dare. Ɗakunanshi sun haura 4,000. Kusa da nan akwai Venetian na 1999, inda aka haƙa magudanan ruwa a cikin gini ana yawo da mutane a kwale-kwale, aka zana sararin sama a rufi, kullum kamar la'asar sakaliya. Akwai kuma mai hasumiyar Eiffel rabin ta Paris. Wallahi abin kallo ne, ba mai musu.

Amma wa ya biya? Nan ne lissafin yake, kuma ko ɗan CM2 zai iya yin shi. Ku ɗauki faifan nan da ake juyawa, rulet. Na Amurka ramuka 38 gare shi: daga 1 zuwa 36, sai sifili guda, sai sifili biyu. In lambarka ta fito, ana ba ka ninki 35. To, ka ce kai mai wayo ne, ka sa jikka guda a kan kowace lamba. Ka kashe jikka 38. Dole lamba ɗaya ta fito, a ba ka jikka 35, a maido maka jikkarka guda. Jikka 36 ke nan. Ina jikka 2? Suna aljihun mai gida. Ka rufe duk ƙofofin faɗuwa, amma ka faɗi. Sama da kashi 5 cikin ɗari na duk abin da aka zuba a teburin nan nashi ne, ba da sata ba, ba da tsafi ba, haka aka ƙera faifan. Shi ya sa a yawancin ɗakunan cacar ba ka ganin agogo ko taga, kuma mai wasa ana kawo mishi giya kyauta. Mai gida ba ya tsoron ka ci yau. Abin da yake tsoro shi ne ka tashi. Kowane gilashin dalar nan kuɗin wani ne da ya faɗi. A ƙarƙashin garin kuwa, cikin ramukan da aka gina don ruwan ambaliya, ɗaruruwan mutane marasa gida ke kwana. Wannan ma ba ya cikin bidiyo.

Wani zai ce wancan Amurka ce. To mu dawo Afirka. Sun City da ke Afirka ta Kudu, wani attajiri Sol Kerzner ne ya buɗe shi a 1979, zamanin wariyar launin fata. Lokacin dokar Turawan ƙasar ta hana gidajen caca a garuruwansu. Sai aka kai shi Bophuthatswana, ɗaya daga cikin yankunan da aka ware aka tura baƙar fata, tafiyar awa biyu a mota daga Johannesburg. Abin da ba su yarda a yi a ƙofar gidansu ba, sai aka kafa shi a ƙofar talaka. A 1985 mawaƙan duniya suka haɗu suka yi waƙa suna cewa ba za su yi wasa a wurin ba. A 1992 aka ƙara wata fada a ciki, aka ƙirƙira mata tarihin wata ƙabilar Afirka da ta ɓace, ƙabilar da ba a taɓa yi ba, aka yi teku na ƙarya da inji ke kaɗa ma igiyar ruwa. Ku kuma da kuka karanta faransanci kun san Monako. Gidan cacar Monte-Carlo ya shahara a duniya, amma doka ta hana ɗan ƙasar Monako yin caca a cikinshi. Su da ke cin ribar sun san abin da suke kare ɗiyansu daga gare shi.

Ga inda maganar samarinmu ta rushe. Las Vegas tana karɓar baƙi wajen miliyan 40 a shekara. Kuɗin baƙi take ci. Su zo da guzurinsu, su bar shi nan, su koma gida. To Gangara, baƙin wa za ta ci? Mai caca a Gangara ɗan Gangara ne. Kuma kar mu ruɗi kanmu da cewa abin bai iso ba. Ya iso, sai dai bai zo da fitilu ba. Ya zo a takardar PMU, inda magidanci zai zauna da biro yana nazarin dawakin da ke gudu a Vincennes ko Longchamp, dawakin da bai taɓa gani ba, alhali godiyar gidansu ba ta samu dusa ba. Ya zo a cikin salula, da cacar ƙwallon Real Madrid da Barcelona, da wasan ƙaramin jirgin nan da ke tashi ya ɓace da kuɗinka. Mu ne baƙin da ake ci, muna zaune a kan tabarmarmu. Su can aƙalla an bar musu gini da aikin yi. Mu me aka bar mana?

Kuma ku duba wane kuɗi ne ke tafiya. Hatsin da aka sayar da araha a kaka, tiya bayan tiya, wanda za a dawo a saya da tsada in bazara ta yi. Akuyar uwar gida. Abin da yaya ya aiko daga Libiya ko daga ramin zinariyar Jado don a saya ma tsohuwa magani. Cinikin ɗan kabu-kabu na yini. Damergou da aka sani da rumbun hatsi, wadda ayarin Abzinawa ke sauka su yi awo, yau ɗiyanta na neman arziki a ƙafar wani ɗan ƙwallo a Ispaniya.

Na san amsoshin. "Ai wane ya ci miliyan." Eh, ya ci, kuma za a yi ta yayata shi, don shi ne tsutsar da ke bakin ƙugiya. Wanda ya faɗi ba ya kiran taro. "Ai gomnati na samun kuɗi ta LONANI." To daga aljihun wa? Harajin da talaka ya fi kowa biya, har yana bin layi. "Ai kuɗina ne." Kuɗinka ne har ranar da matarka za ta shiga maƙwabta aron tiya guda. Batun addini kuwa ba sai na yi dogon bayani ba, malamanmu sun fi ni sani: Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, ta haɗa caca da giya wuri guda ta hana, ta kuma ambaci gaba da ƙiyayyar da suke jefawa tsakanin mutane. Wanda ya taɓa raba faɗan bashi a fada ya ga fassarar da idonshi.

Rufe shago kaɗai ba zai isa ba. A Kano Hisba ta rufe shagunan cacar ƙwallo, amma wa zai sa ma salula kwaɗo? Aikin namu ne. Abokan aikina na gidajen rediyo, in an kawo tallan caca mu mayar da shi, ko da kuɗin man janareto ne. Magadan gari da kansiloli, ku san wa ke buɗe irin waɗannan rumfuna kusa da lakkol da kasuwa. Limamai, ku faɗi sunan abin ƙarara a huɗuba, don yaro da yawa na zaton in a waya ne ba caca ba ce. Shugabannin fada, ku yi ma ƙannenku lissafin jikka 38 ɗin nan a ƙasa da tsinke, su gani. Ku kuma ƴan'uwa da ke waje, in za ku aiko da kuɗi, ku aiko ma wanda zai auno hatsi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana zuri'a. Amin.