Me ya sa ƙaramin harsashi ya fi kashe giwa?

Masu sha'awar tarihin bindigogin farauta sun saba jera alƙaluma: nauyin harsashi, saurinsa da ƙarfin bugunsa, sai su ce wanda ya fi lamba shi ne gwani. A ganina wannan ma'auni yaudara ce, kuma tarihin farautar giwa a Afirka ya isa shaida.

A shekarun 1870, Frederick Selous, Baturen Ingila da ya yi farauta a yankin da ake kira Zimbabwe a yau, yana harbi ne da bindigar ɗuri mai suna 4-bore. Dalmarta ɗaya ta kai giram 113. Albarushinta baƙi ne, irin wanda maharbanmu ke ɗura wa bindigar toka: da an harba hayaƙi ya turnuƙe, mutum bai ma san ko ya samu ba. Ga kuma dukan da take yi wa kafaɗa, wanda Selous da kansa ya ce ya taɓa masa saiti har bayan ya daina amfani da ita.

Sai a 1884 Bafaranshe Paul Vieille ya haɗa albarushi marar hayaƙi. Daga nan aka samu harsashi irin 7x57 na Mauser a 1892, mai nauyin giram 11 kacal, amma yana gudun kusan mita 700 a daƙiƙa. A takarda, 4-bore ta fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba.

To amma da wannan ɗan siririn harsashi ne Walter Bell, ɗan Sikotlan da ya yi suna a Karamoja ta Yuganda, ya kashe kusan 800 daga cikin giwaye 1,011 da ya harbe. Harsashin dogo ne, an lulluɓe shi da ƙarfe mai tauri, saboda haka yakan ratsa ƙashin kai bai baje ba. Bell kuwa sai da ya tsattsage ƙoƙunan kan giwaye domin ya san daidai inda ƙwaƙwalwa take. Bindigar ba ta girgiza shi, yana iya sake harbi nan take kafin garke ya watse.

Wannan shi ne abin da jadawalin alƙaluma ba ya nunawa, alhali shi ya sauya lissafin. Aikin da a da sai mai ƙarfin kafaɗa ya koma sana'ar da mutum ɗaya zai kayar da giwaye da dama a yini guda. A wancan zamani kuwa kasuwar hauren tana Turai da Amurka ne, inda a lokacin ake sassaƙa ƙwallon biliyad da maɓallan fiyano.